Tambayoyinku: Masu murɗa baya da wuya ɗin nan likitoci ne? A yarda da su?

Saƙonnin da suka shigo mana wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato masu sana'ar nan da ake ce ma kairofrakta, waɗanda bidiyonsu ya cika TikTok da Facebook. Na zaɓo waɗanda naga amsarsu zata amfani sauran da suka turo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni aikina na zama ne, tun safe har yamma ina gaban kwamfuta, yanzun wata uku kenan ƙuguna yana ciwo, in na sunkuya zan ɗau abu sai ya riƙe in kasa miƙewa. Naje asibiti sun ban maganin kashe zafi sunce in dinga motsa jiki, ni dai banga wani canji ba. Shine abokina yace in gwada kairofrakta wai shi zuwa biyu yayi ya warke. Toh su ɗin likitoci ne na gaske? Kuma aikin nasu yana yi kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da maganar likita ɗin. A ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ingila da Ostireliya suna karatu na sosai, shekara huɗu ko fiye, suna da lasisi da hukumar da take sa musu ido, a Amurka ma digirin nasu sunansa yana ɗauke da kalmar dakta shi yasa zaka ga sun rubuta Dr. a gaban sunansu. Amma ba makarantar likitanci suka yi ba, ba su yi zaman horo a asibiti suna kwana da marasa lafiya irin na likita ba, kuma a mafi yawan wurare doka bata basu damar rubuta magani ko yin tiyata ba. A ƙasashen da babu hukumar da ke kula da sana'ar kuwa kowa ma zai iya sayen gadon ya kafa allo, toh nan sai ka bincika takardun mutum da kanka kafin ka miƙa masa bayanka.

Shin yana yi? A irin ciwonka, eh yana ɗan yi, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta tattaro gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, abun da ta samu shine danna ƙashin baya yana kawo sauƙi daidai da sauran hanyoyin da aka saba bada shawararsu kaman motsa jiki da gashin ƙashi, bai fi su ba kuma basu fi shi ba. Tun 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta saka shi cikin abubuwan da za'a iya gwadawa kafin a koma ga ƙwayoyi, amma ta faɗa ƙarara cewa hujjar tasa ba mai ƙarfi bace. A Ingila kuma hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya ga asibitoci a 2016 cewa tayi in za'a yi shi toh a haɗa da motsa jiki, kar a yi shi shi kaɗai. Akwai wani gwaji da yake ban dariya duk sanda na tuna shi, a 1998 aka yi a birnin Siyatil, aka raba masu ciwon baya 321 gida uku, wasu aka turasu wajen kairofrakta wasu wajen likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da koyar da motsa jiki a asibiti, sauran kuma ɗan littafi kawai aka miƙa musu mai bayanin ciwon baya akace suje su karanta, da aka zo dubawa sai aka ga kashi biyun farko da ƙyar suka ɗara masu littafin.

Maganar abokinka kuwa ban ƙaryata shi ba, amma ka sani mafi yawan sabon ciwon baya da kansa yake lafawa cikin sati shida ko an taɓa ko ba'a taɓa ba, kuma mutum baya neman taimako sai ranar da ciwon ya kai maƙura, daga nan dama sauka zai fara yi, toh duk wanda ya taɓa ka a ranar shi zai kwashi yabon.

In kana so ka gwada, gwada, bana hanaka. Sai dai ka sa wa abun iyaka, in anyi sati huɗu zuwa shida baka ji wani bambanci na kirki ba ka tsaya, ƙarin zuwa ba zai canza komai ba. Kuma motsa jikin da asibiti suka ce maka kar ka raina shi, shine wanda yake hana ciwon dawowa, mutane da yawa da suke cewa bai musu aiki ba in ka bi diddigi kwana uku suka yi suka ajiye. Ka nemi likitan gashi ya nuna maka irin wanda ya dace da kai, ka dinga tashi daga kujerar nan kana ɗan zagayawa. Zaka iya jin tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan an danna ka, wannan kusan rabin mutane suna ji kuma yana wucewa.

Amma akwai alamomin da in ka gansu ba maganar kairofrakta kuma, asibiti zaka nufa a ranar: ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, ko ka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, haka bayan gida. Wannan alamar an matse jijiyoyin ƙarshen laka ne kuma awanni ake ƙirgawa. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama ba dalili ko zufar dare, ko yana tashinka daga barci, ko ka taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka, ko bayan faɗuwa ne ko haɗari.

TAMBAYA: Malam ƙarar nan da ake ji ƙas ƙas, ƙashin ne yake komawa mazauninsa?

AMSA: A'a. A cikin gaɓa akwai ruwa mai yauƙi, in aka ja gaɓar da sauri sai kumfar iska ta fito a cikin ruwan, ita ce take wannan ƙarar, irin dai wadda kake ji in ka ja yatsanka. A 2015 masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki abun da na'urar hoton cikin jiki ta MRI yana faruwa a yatsa. Shi yasa in ka ja yatsa ya yi ƙarar sai ka jira kaman minti ashirin kafin ya sake yi. Ba ƙashin da ya goce balle ya koma, ƙashin baya da ya goce da gaske mai shi ba da ƙafarsa zai shigo shago ba. Masu bidiyo kuma makirfo suke mannawa a jikin mutum dan ƙarar ta fito raɗau, ita ce kasuwar.

TAMBAYA: Salam Malam. Jaririna watansa biyu, kullum da yamma sai yayi ta kuka yana miƙa yana murɗe-murɗe har sai na rasa yadda zanyi, wallahi har nima kukan nake. Yayarsa kuma tana da asma. Naga wani a intanet yana cewa duk daga ƙashin baya ne tun wajen haihuwa ya karkace, in an gyara shikenan. In kaisu?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su ya baki lada. Kar ki kaisu, ko ɗaya daga ciki.

Bari in gaya miki inda wannan magana ta samo asali, in kin ji zaki gane me yasa suke faɗinta da ƙarfin gwiwa haka. Wanda ya ƙirƙiro sana'ar sunansa Daniel David Palmer, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shekarar 1895. Ba likita bane, kafin nan maganin maganaɗisu yake yi, wato ya ɗora hannu a jikin mutum yace yana zare cuta daga jikin. Shi yace akwai wani mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, da ya daɗe baya ji sosai, ya danna masa wani ƙashi a baya sai kunne ya buɗe. Jijiyar ji dai a cikin ƙoƙon kai take bata bi ta gadon baya ba, amma bar wannan. Daga nan Palmer ya yanke cewa kashi 95 cikin ɗari na duk cututtukan duniya daga gocewar ƙashin baya suke, wai gocewar tana tare wani ƙarfi na ɓoye da yake bi ta jijiyoyi yana tafiyar da jiki, har ma yace ruhin wani likita da ya riga ya mutu ne ya koya masa ilimin. A 1897 ya buɗe makaranta, a 1906 aka ɗaure shi kan yin aikin likita ba lasisi, ɗansa B.J. Palmer shi ya ɗauki abun ya mayar da shi babbar kasuwa.

Tun wancan lokacin 'yan sana'ar suka rabu biyu har yau. Akwai waɗanda suka ajiye wancan tatsuniya suka tsaya a ciwon baya da gaɓoɓi, suna aiki kusan irin na likitan gashi, in abu ya fi ƙarfinsu su tura ka asibiti, waɗannan ba ni da rigima da su. Akwai kuma waɗanda har gobe suna kan koyarwar Palmer, su ne zaki ji suna maganar asma da ciwon kunne da fitsarin kwance da rashin haihuwa, kuma su suka fi baki a intanet.

An gwada maganar tasu fa, ba wai an ƙi saurarensu bane. A 1998 a Kanada aka ɗauki yara masu asma, wasu aka musu dannar gaske wasu aka musu ta wasa ba tare da sun sani ba, wata huɗu ana yi, numfashinsu da aka auna ba wani bambanci. A Ingila wani marubucin kimiyya Simon Singh ya rubuta a jaridar Guardian a 2008 cewa ƙungiyar kairofrakta ta ƙasar tana tallata maganin ciwon cikin jarirai da asma da ciwon kunne ba hujja, suka maka shi kotu, da aka ce su kawo hujjar sai abun ya zama abun kunya, a 2010 suka janye ƙarar. A shekarar ne hukumar da ke basu lasisi a Ingilan da kanta ta fitar da sanarwa cewa babu binciken da ya nuna wannan gocewar da suke faɗa tana kawo cuta. A Ostireliya kuma a 2019 bidiyon wani ya fita a birnin Melbon yana danna jariri ɗan sati biyu har da riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa, ƙasar ta ɗau zafi, hukumarsu ta hana taɓa ƙashin bayan yaran da basu kai shekara biyu ba, ta ɗage hanin daga baya, a 2024 ta sake dawo da shi.

Kukan yamma irin na ɗanki sananne ne, yakan tsananta wajen sati shida ya fara raguwa a wata uku zuwa huɗu da kansa, kinga duk wanda ya fara "gyara" yaro a wata biyu dole ya ga nasara a wata huɗu. Ki kaishi likitan yara ya duba ya tabbatar ba wani abu, musamman in akwai zazzaɓi ko amai mai launin kore ko jini a kashi ko ƙin shan nono ko baya ƙara nauyi. Ki dinga sa shi yin gyatsa bayan ya sha, in kukan ya isheki ki kwantar da shi a rigingine a wuri mai aminci ki fita ki sha iska na ɗan mintuna ko ki miƙa wa wani, kar dai a jijjiga shi da ƙarfi. Yayarsa kuma abun shaƙarta kar ya bar kusa da ita, asma tana kisa in aka yi wasa da ita.

TAMBAYA: Malam ni wuyana ne yake ƙagewa da ciwon kai ta ƙeya. Amma naji ance murɗa wuya yana kawo shanyewar ɓarin jiki, gaskiya ne ko tsoratarwa ce ta likitoci dan kar a ƙwace musu kasuwa?

AMSA: Kishin kasuwa ya taɓa faruwa, ba ƙarya, a 1987 wata kotu a Amurka ta samu babbar ƙungiyar likitocin ƙasar da laifin haɗa baki dan a durƙusar da sana'ar. Amma maganar wuya daban take ɗan uwa. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da suke hawa ta cikin ƙananan ramuka a ƙasusuwan wuya, in sun zo ƙashin ƙarshe na sama sai suyi kwana mai tsanani kafin su shiga ƙoƙon kai su kai jini bayan ƙwaƙwalwa. In aka fizgi wuya aka juya shi da sauri, a daidai kwanar nan fatar cikin jijiyar tana iya tsagewa, jini ya daskare a wurin, gudan ya ɓalle ya toshe hanya a sama. Ba kasafai yake faruwa ba, mutane miliyoyi an murɗa musu ba abun da ya same su, amma in ya faru yakan faɗa kan matasa masu lafiya ne. A 2016 wata mai tallan kayan ƙawa Katie May ta rasu a Los Anjelis tana da shekara 34, mai binciken gawa na hukuma yace murɗa wuyan da kairofrakta ya mata ne ya tsaga jijiyar.

Su kuma suna kare kansu da wani bincike na 2008 daga Ontariyo ta Kanada da ya nuna masu irin wannan shanyewar suna yawan zuwa wajen likita ma kafin ta same su kaman yadda suke zuwa wajen kairofrakta, ma'ana wataƙila jijiyar ta riga ta fara tsagewa ne shi yasa wuyan yake ciwo har mutum ya fita neman taimako. Ni wannan bai kwantar min da hankali ba ko kaɗan, sabida in haka ne toh mai ciwon wuya da ciwon ƙeya irinka zai iya zama jijiyarsa ta riga ta tsage, kuma shine za'a kama kansa a fizga. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2014 tace a dinga gaya wa mutum wannan haɗarin kafin a taɓa wuyansa. Tunda motsa wuya a hankali da atisaye suna bada sauƙi kusan iri ɗaya, ban ga dalilin ɗaukar kasadar ba, ko kaje dan bayanka ka faɗa masa tun kafin ka kwanta cewa banda fizgar wuya. In kuma ciwon ya zo maka farat ɗaya da tsanani irin wanda baka taɓa ji ba, ko da jiri ko gani bibbiyu ko harshe ya yi nauyi ko tafiya tana tangaɗi, asibiti kai tsaye.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Babanmu shekararsa 67, yana da hawan jini da suga, ya fara zuwa wajen wani kairofrakta dan ciwon baya. Mutumin ya masa hoton ƙashi ya zana masa layuka da jan biro yace bayansa duk ya karkace shine ya kawo hawan jinin, ya sa ya biya kuɗin zuwa na wata shida gaba ɗaya, ya sayar masa da wasu ƙwayoyin ƙarin sinadari, yanzun Baba ya ajiye maganin asibiti wai baya buƙata kuma har cewa yake kar mu yi wa yara rigakafi. Baya jin maganar kowa sai ta mutumin. Ya zamuyi?

AMSA: Subhanallah. 'Yar uwa wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk waɗanda aka turo, dan anan ne ainihin ɓarnar take, hannun mutumin ba lallai ya cutar da Baba ba, bakinsa ne zai cutar da shi. Mai facin taya zai iya zama gwani a tayarsa amma in yace ka zubar da man birki baka buƙatarsa, ai ka san ya wuce gonarsa. Hawan jini da suga da rigakafi ba fanninsu bane, ba'a basu lasisi a kai ba, kuma ƙin rigakafin nan gado ne tun daga Palmer, ba duka suke yi ba amma yana nan a cikinsu. Lokacin korona ma wasunsu sun yi ta tallar cewa danna baya yana ƙara garkuwar jiki har hukumominsu a Kanada suka ce su sauke tallar, a Amurka kuma a 2021 gwamnati ta kai wani ƙara a jihar Misuri kan tallata bitamin D da zinki a matsayin abun da ya kai rigakafin korona.

Hoton nan da jan biro kar ya tsorata ku. Ba wanda bayansa yake miƙe sak, kuma an tattara hotunan MRI na mutanen da ba abun da yake musu ciwo a 2015 aka ga kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 faifan bayansu ya ɗan bullo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84, duk lafiyarsu lau. Dan haka duk dattijon da aka ɗauka hoto sai an samu abun zanawa. Ita kanta ƙungiyar kairofrakta ta Amurka a 2017 ta gaya wa 'ya'yanta kar su dinga ɗaukar hoto a sabon ciwon baya cikin sati shida na farko in ba wata alamar haɗari. Biyan wata shida a gaba kuma, tun kafin a ga ko jiki zai amsa, da kuma wanda ya gano maka cutar shine mai sayar maka da maganinta a kan teburinsa, waɗannan biyun kaɗai sun isa ku gane da wa kuke hulɗa.

Me yasa Baba ya yarda da shi haka? Inaga dan mutumin yana zama da shi ne, ya saurare shi ya taɓa wurin da yake ciwo ya masa bayani da hoto, a asibiti kuwa wani lokacin minti biyar ne an rubuta takarda an ce na gaba. Dan haka kar ku je masa da faɗa ko ku ce an damfare shi, dattijo in yaji ana neman nuna masa ya yi wauta sai ya ƙara kafewa. Ku ce masa ya cigaba da neman sauƙin bayansa ba wanda ya hana, amma ku roƙe shi a auna jininsa da sugansa yau ɗin nan a gabansa ya ga lambar da idonsa, hawan jini baya ciwo shi yasa yake jin garau, kuma wasu magungunan nasa in aka yanke su lokaci ɗaya jinin yana iya harbawa sama fiye da da. In akwai wani babba da yake jin nauyinsa, aboki ko ɗan uwa, ku sa shi a maganar. Ku kwashi ƙwayoyin da aka sayar masa da kwalayensu ku kai wa likitansa ya duba, wasu suna karo da maganin suga da na jini, likitan ne kuma zai faɗi yadda zai koma kan maganin tunda ya kwana biyu bai sha ba. Ku tambayi likitan ko ƙashin Baba yana da ƙwarin da za'a dinga danna shi, a shekarunsa ƙashi yakan yi rauni har haƙarƙari ya iya tsagewa, haka in yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin toh dannawa mai ƙarfi bata dace da shi ba sam. In ƙasar da kuke akwai hukumar da ta ba mutumin lasisi ku rubuta mata ƙorafi, hana mara lafiya shan maganin da likita ya rubuta laifi ne a dokokin aikinsu, ku haɗa da rasit ɗin kuɗin wata shidan ku nemi a dawo da na ranakun da bai je ba.